Dabbar Cikin Waya Ba Ta Jin Yunwa



A hutun da ya wuce Ummanmu ta sayo wa ƙanwata 'yar tsana a wajen masu gwanjo. Zomo ne fari mai dogayen kunnuwa, jikinsa da laushi kamar an cika shi da auduga. Da aka wanke shi aka shanya, sai muka lura da harafin W mai launi-launi da aka ɗinka a jikinsa, ga kuma sunan Ganz a ɗan ƙyallen da ke maƙale da shi. Yayanmu da ke jami'a ya ɗauki wayarsa ya bincika, ni kuma na zauna kusa da shi muna karantawa tare. Abin da muka gano ne ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan ra'ayi, domin ya shafi wasannin da da yawanmu muke yi a wayoyin iyayenmu.

Ashe zomon nan ɗaya ne daga cikin 'yan tsanar da ake kira Webkinz. Kamfanin Ganz na ƙasar Kanada ne ya fito da su a shekarar 2005. Kowace 'yar tsana idan sabuwa ce tana zuwa da wata 'yar takarda a rufe, a ciki akwai lambar sirri. Yaro zai shiga shafin kamfanin a intanet ya rubuta lambar, sai hoton dabbar ya bayyana a kwamfuta yana motsi. Zai raɗa mata suna, a ba shi ɗakin da za ta zauna, da ɗan kuɗin wasa da ake kira KinzCash. Daga nan aiki ya same shi. A farkon wasan akwai ma'auni uku da ke nuna farin cikinta da lafiyarta da yunwarta. Idan ma'aunin ya yi ƙasa, sai ya saya mata abinci, ko ya yi wasa da ita, ko ya kai ta asibitin da ke cikin wasan a wancan lokacin, inda likitan ma agwagwa ce mai suna Dr. Quack. Idan kuɗin wasan ya ƙare, sai ya buga ƙananan wasanni ko ya amsa tambayoyi ya samu wani.

Da farko na ce wannan ai abu ne mai kyau. Amma da muka ci gaba da karatu sai na ga inda gizo ke saƙa. Lambar sirrin nan sau ɗaya ake amfani da ita. A shekarun farko kuma, idan yaro ya shigar da lamba, shekara ɗaya kawai aka ba shi. Idan shekarar ta cika bai sayi sabuwar 'yar tsana ba, sai a rufe masa ƙofa, ya kasa shiga wurin dabbarsa da ɗakin da ya ɓata watanni yana ƙawatawa. Ban da wannan, kamfanin yakan daina yin wasu nau'o'in 'yan tsanar ya fito da sababbi, sai yara su shiga rububin tarawa kafin su ƙare a kanti. Haka yara a Kanada da Amurka suka riƙa cika gadajensu da su, wani goma, wani fiye da haka. Daga baya an sassauta dokar shekara ɗaya, aka bari a yi wani ɓangare na wasan kyauta, amma akwai kayan da sai da kuɗin gaske ake samunsu.

Sai na dubi zomon ƙanwata na yi tunani. Wani yaro ne can a wata ƙasa aka saya wa shi. Ya yage takardar, ya shigar da lambar, ya samu zomonsa na kwamfuta. Shi kuwa na hannu, wata rana aka zuba shi cikin kayan da ba a so, aka ɗaure a dila, ya hau jirgin ruwa, har ya iso kasuwarmu babu takardar. Ƙanwata ba ta san da wata lamba ba. Ta sa masa suna, tana goya shi da ɗankwalin Umma, tana ba shi tuwon ƙasa a murfin gwangwani. A ganina ita ta fi cin moriyarsa, domin babu wanda zai ce mata shekara ta cika.

Ra'ayina shi ne, dabbar cikin waya ko kwamfuta ba ta jin yunwa, ba ta jin ƙishirwa, ba ta kewar kowa. Idan ta yi fuskar tausayi, wani ma'aikaci ne ya zana fuskar, wani kuma ya tsara lokacin da za ta bayyana. Kamfanin ne yake bukatar mu dawo kullum, sai ya sa dabbar ta yi kiran a madadinsa. Shi ya sa a wasan Webkinz akwai abubuwan da sau ɗaya ake yinsu a rana, kamar juya wata ƙafar sa'a da haƙar duwatsu masu daraja. Wanda bai shiga yau ba, rabon yau ya wuce shi. Yaro ɗan shekara bakwai ba zai gane wannan dabara ba. Shi dai ya san zomonsa yana jiransa, kuma idan bai je ba ya yi laifi. Tausayi hali ne mai kyau da Allah ya sa a zuciyar yaro, kuma ban ga dacewar a mayar da shi hanyar ciniki ba.

Wannan dabara ta girmi Webkinz. A shekarar 1996 kamfanin Bandai na ƙasar Japan ya fito da Tamagotchi, wata 'yar na'ura mai siffar ƙwai da maɓallai uku, wadda ake ratayawa kamar makulli. Dabbar cikinta tana ƙara idan tana son abinci, idan kuma aka yi sakaci da ita sai ta mutu. Yara suka riƙa zuwa da ita aji suna dannawa a ƙarƙashin benci, har makarantu da dama suka hana shigowa da ita. Abin da Webkinz ya ƙara shi ne haɗa dabbar kwamfuta da 'yar tsanar da za ka runguma, yadda son ɗaya zai ja ka ka sayi ɗayar. Da wasu kamfanonin suka ga kasuwa ta buɗe, su ma suka bi sahu.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda ba a sayar da sababbin a unguwarmu? Ruwanmu yana nan, domin irin wannan wasa ya riga ya shigo gidajenmu ta waya, 'yar tsanar ce kawai babu. Ni kaina ya taɓa cin ni, kuma zan faɗa ko da za ku yi mini dariya. Lokacin ina aji ɗaya na sauke wani wasan kyanwa a wayar Umma. Ina ba ta abinci, ina yi mata wanka, ina kashe mata fitila ta yi barci. Idan na daɗe ban shiga ba, sai wayar ta yi ƙara da saƙon cewa kyanwata tana jin yunwa. Idan ina son kuɗin wasa sai in kalli talla, tallar kuma datar Umma take ci. A daidai wannan lokacin ina da kaza ta gaske da Kakata ta ba ni, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai. Aikina ne in zuba musu tsaki da ruwa, in kifa musu kwando idan rana ta yi, saboda shirwa. Wata Asabar ina ɗaki ina canza wa kyanwar waya riga, na ji kazar tana kururuwa a tsakar gida. Kafin in fito shirwa ta yi sama da ɗaya. Na tsaya da waya a hannu ina ƙirga shida.

Umma ba ta doke ni ba. Cewa kawai ta yi, "Wadda ke cikin wayar ta ƙoshi ko?" Wannan tambayar ta fi bulala zafi. Ranar na goge wasan. Ban ji labarin kyanwar ta mutu ba, domin dama ba ta da rai. Ɗan tsakon kuwa bai dawo ba.

Duk da haka, ba zan ce wasannin nan ba su da amfani ko kaɗan ba, don kada in yi rashin adalci. Yaron da ke zaune a hawa na goma a birnin Toronto ba shi da tsakar gidan da zai ɗaure akuya, wasu gidajen haya ma ba a yarda a ajiye dabba ba. A wurinsa zomon kwamfuta ya fi babu. A cikin Webkinz akwai tambayoyin lissafi da kimiyya da harshe da yaro zai amsa ya samu kuɗin wasa. Yana kuma koyon cewa idan ya kashe kuɗinsa duka a kan gado mai kyau, ba zai samu na abinci ba. Sannan akwai wurin hira da aka tsara yadda yaro zai zaɓi jimla daga jerin da aka tanada, don kada wani baƙo ya rubuta masa maganar banza ko ya tambaye shi adireshin gidansu. Waɗannan duk abin yabo ne.

Sai dai ina da amsa biyu. Ta farko, kula da dabba a kwamfuta danna maɓalli ne, ba ya wari, ba ya gajiyarwa, kuma kuskure ba ya da tsada. Duk wanda ya taɓa share turken awaki da sanyin safiya, ko ya je neman harawa da dusa, ko ya kwana yana duba tunkiya mai naƙuda, ya san riƙon amana ya wuce danna maɓalli. A Islamiyya an karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbobi masu rai ake nufi, su ne za a tambaye mu a kansu.

Amsa ta biyu, dabbar kwamfuta ba taka ba ce ko da ka biya kuɗi. Tana zaune ne a na'urar kamfani, ranar da suka ga ba riba sai su kashe. Wasan Club Penguin, wanda shi ma ake sayar da 'yan tsanarsa da lambar sirri, ya fara a 2005, kamfanin Disney ya saye shi a 2007, aka rufe shi a 2017. Moshi Monsters na Ingila shi ma an rufe shafinsa a ƙarshen 2019. Yaran da suka shekara da shekaru suna tara kaya a ciki sun wayi gari babu komai. Webkinz dai yana nan, har sun fito da sabon salo a 2020, amma makullin yana hannunsu. Ni kuwa 'yan tsakin nan shida da suka rage sun girma. Na sayar da zakaru biyu da sallah, na sayi takalmin makaranta da kuɗin, sauran suna nan suna yi mana ƙwai. Kowa ya san a gidajenmu daga kaza ake kai wa ga akuya, daga akuya a kai ga abin da ya fi ta.

Don haka ina kira gare mu 'yan uwana ɗalibai. Ban ce kada mu yi wasa ba, ni ma ina yi. Amma duk wasan da ya aiko maka saƙo cewa wani abu yana kuka saboda kai, ka tsaya ka tambayi kanka wa zai ci riba idan ka koma. Idan wasa ya ce ka sayi wani abu da kuɗin gaske ko da katin waya, kada ka danna sai ka nuna wa babba. Kada mu rubuta sunanmu na gaskiya ko lambar wayar gidanmu a cikin wasa. Mu da muke da ƙanne, mu ne za mu yi musu bayani, domin sun fi jin maganarmu a kan waya fiye da ta kowa. Wanda yake da tantabaru ko zomaye ko kaji, ya fara duba su kafin ya taɓa waya.

Iyayenmu kuma, don Allah idan yaro ya karɓi waya a riƙa leƙa abin da yake yi. Yin shiru da ya yi ba ya nufin yana cikin alheri. Ga malamanmu, musamman na kwamfuta da na aikin gona, ina roƙon a ware darasi ɗaya a nuna mana yadda wasannin kyauta suke samun kuɗi, tunda babu kamfanin da ke aiki don Allah. Idan da hali kuma, a ba ƙungiyar manoma matasa ta makarantarmu ɗan wuri a bayan ajujuwa mu yi akurkin zomaye, kowane aji da makonsa na ba su abinci. Ina da tabbacin za mu koyi abin da babu wayar da za ta koya mana.

Zomon ƙanwata yana nan, kunnensa ɗaya ya fara yagewa, Umma ta ɗinke shi da baƙin zare. Yaya ya tambaye ta ko tana so a nemo mata irin wasan a waya, ta ce a'a, nata ba ya son waya, goyo yake so.

Duk wanda yake da ra'ayin da ya saɓa wa nawa, ya rubuto ya ba shugaban ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

Daga 'yar uwarku ta aji biyu, ƙaramar sakandare,
mamba a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.