Gidajen Rumawa a Ƙarƙashin Fadar Valentini

A tsakiyar birnin Rum na ƙasar Italiya, daf da dogon ginshiƙin Sarki Tarajan, akwai wata fada da ake kira Palazzo Valentini. Wani babban malamin coci, Michele Bonelli, shi ya sa aka fara gina ta a 1585, kuma a 1873 ta zama mazaunin hukumar lardin Rum. A 2005 masu tonon kayan tarihi suka shiga ƙarƙashinta, suka tarar da gidajen masu hali na ƙarni na 4 miladiyya, da daɓen marmara mai launi-launi, da zanen da aka jera da ƙananan duwatsu, har da ɗakunan wanka.

Mun yaba da hukuncin da mahukunta suka yanke na barin daɓen inda masu gidan suka taka shi. An shimfiɗa gilashi a kansa, baƙi na tafiya a bisa suna leƙen ƙasa, ma'aikata kuwa na can bene suna aikinsu.

Inda muke da magana shi ne yadda ake nuna wurin. Ana zagayawa da baƙi cikin duhu, na'ura na haska hotuna a kan kangon, aikin da marigayi ɗan jarida Piero Angela ya jagoranta. Bangon da ya faɗi sai ga shi tsaye, zanen da ya goge sai ga shi cikakke. Gaskiya ne, in ba don haka ba, wanda bai karanci fannin ba tarin duwatsu kawai zai gani. Amma ido ya fi riƙe hoto mai haske bisa dutse mai ƙura, har baƙo ya koma gida yana ba da labarin kintacen masana a matsayin abin da aka tono.

Duk wanda ya zauna gaban malami da tsohon littafin hannu ya san yadda magabata suka magance irin wannan. Matani na tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, sharhi kuwa na gefe da ƙananan rubutu, don kada almajiri ya jingina wa marubuci maganar mai sharhi. Masani na da damar kintace, mu ma muna son jin sa. Sharaɗinmu kawai, a Valentini da duk inda za a kwaikwaye ta, shi ne abin da aka ƙara ya fito da launinsa daban, kuma a kowane ɗaki a kashe na'urar na ɗan lokaci, a kunna fitila, a bar baƙo ya ƙare wa daɓen kallo da tsagoginsa da gurbin duwatsun da suka ɓace.