Gyaran makewayi: daga ƙasa ake farawa

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da gujiya, magidanta da yawa sukan waiwayi gyaran makewayi da salanga. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai mun lura wasu suna fara aikin daga sama. Mutum ya sayi ƙyaure, ya yi wa bango shafe, sannan ya tuna da rami da hanyar ruwa. Damana na faɗuwa sai ƙasa ta zabtare, bango ya bi rami, kuɗi sun tafi a banza. A ganinmu, aikin makewayi daga ƙasa ake fara shi, ado shi ne na ƙarshe.

Da farko mu dubi wuri. Salanga ta yi nisa da rijiya aƙalla mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum, kuma ta kasance a gangare, rijiya a sama. Ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha, ido bai gani ba. Ta irin wannan hanya zawo da kwalara suke shiga gida. Ba mu manta da kwalarar 2018 ba, wadda ta fara a yankin Madarunfa, ko ta 2021 da ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Na biyu, rami. Idan saura rabin mita tsohon rami ya cika, kada a ɗora masa sabon gini. A rufe shi da ƙasa, a haƙa wani. Bayan shekara 2 abin da ke ciki ya zama taki, ana iya kai shi gona, ko a dasa icce a wurin. A tsayar da haƙa tun ba a kusa da ruwa ba, a bar kamar mita 2 tsakani. Inda ƙasa rairayi ce, a gina bakin ramin da bulo da siminti, don nan ne yake fara rushewa.

Na uku, ruwan wanka. A raba hanyarsa da ta salanga, domin yana cika rami da wuri, yana kuma jiƙa gindin bango. Kada a sake shi a titi, inda zai kwanta sauro ya yi ƙwai. A haƙa masa ƙaramin rami, a cika da duwatsu, ƙasa ta shanye shi. Magini ya karkata daɓe wajen mafita. Kafin ya tafi, a zuba bokiti guda a ga inda ruwan ya nufa.

Na huɗu, faifan simintin da ake ɗorawa bisa rami. A sa masa ƙarfe a ciki, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 kafin a ɗora shi. Gaggawa a nan tana iya jefa yaro cikin rami. A yi wa bakin marufi saboda ƙuda.

Sai bayan wannan a ɗaga bango, a sa ƙyaure, a yi shafe. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa don wanke hannu.

Wani zai ce kuɗinsa ba su isa duka aikin ba. Gaskiya ne, siminti yana da tsada. To, a zuba abin da ake da shi a rami da faifai da hanyar ruwa. Zana tana iya kare mutuncin iyali har wata kaka, amma rami mai rauni ba ya jira.

Maigida ya shawarci uwargida kafin a fara, don ita ta san inda ruwa ke kwanciya da inda yara ke zamewa. Mu kuma gama aikin tun da rani, ƙasa tana bushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.