Raddi Ga Mai Auna Turanci Da Mudun Latin

Wani ɗan littafi na koyon Turanci ya faɗo hannuna, irin wanda ake bugawa don ɗaliban da ke shirin jarrabawar fita sakandare. Ɗan ƙanena ne ya kawo mini shi, fuska a murtuke, wai tun da ya karanta babin da ke magana kan suna da wakilin suna da harafin jarra ya daina iya buɗe baki a aji. Harafin jarra, kamar yadda masu nahawun Larabci ke kiransa, shi ne irin su "in" da "on" da "to" da "with". Ba zan ambaci marubucin ba, domin da hujjojinsa nake ja, ba da shi ba. Malami ne da ya sha alli, kuma akwai alamar kyakkyawar niyya a aikinsa, sai dai abubuwa huɗu da ya gina babin a kansu ba su da tushe.

Na farko, wanda ya fi kafewa a kai, shi ne cewa haramun ne a rufe jimla da harafin jarra. A wurinsa "Who are you talking to?" Turancin tasha ne, daidai shi ne "To whom are you talking?" Hujjarsa kuwa, sunan da Turawa ke kiran harafin daga Latin ya fito, kuma ma'anarsa abin da aka ajiye a gaba, saboda haka ba ya zuwa a baya.

Mu ce masa: Malam, suna ba doka ba ne. Alhaji nawa muka sani da bai taɓa taka Makka ba? Latin ɗin ma da aka jingina da shi bai kiyaye wannan sharaɗi ba, domin idan zai ce "tare da ni" sai ya ce "mecum", wakilin suna a gaba, harafin a manne a bayansa. Dokar kuwa an san mafarinta. A 1672 ne mawaƙin Ingila John Dryden ya soki Ben Jonson, wanda ya riga shi, kan ya ƙare wani baiti da harafin jarra, ya kuma amsa cewa shi ma ya tsinci wannan aibi a rubutunsa. Har ya koma ya bi wani littafinsa yana gyara irin waɗannan jimloli a bugun 1684. Shi da kansa ya faɗa cewa idan ya yi kokwanton Turancinsa yakan juya shi zuwa Latin ya gani. Ka ji asalin cutar: an auna hatsin wani gari da mudun wata kasuwa. Robert Lowth, limamin cocin da ya fitar da littafin nahawunsa a 1762, wanda ake yawan ɗora wa laifin, bai haramta ba. Cewa ya yi harshen ya karkata ga wannan salo, shi ake ji a hira, amma ɗaya salon ya fi dacewa da zance mai nauyi. Abin dariya, jimlar da ya faɗi haka a cikinta da harafin jarra ya rufe gaɓarta. Zuwa 1926 masanin Turanci H. W. Fowler ya kira dokar camfi ƙarara.

To, Malam ya gyara mana "What is it for?" ko "The bed has not been slept in" mu gani. Ba su gyaruwa. Kuma Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, don mu ma muna yi. "Wa ka gaya wa?" muke cewa, da "ɗakin da na kwana a ciki", da "kujerar da ya zauna a kai". Ban taɓa jin wani dattijo ya tsawata wa yaro don ya bar "wa" a ƙarshen zance ba. Inda muka bambanta da Turawa kaɗan ne: mu dole mu ce "wuƙar da na yanka nama da ita", mu maido da wakilin suna, su kuwa sai su bar harafin shi kaɗai a tsaye. Ɗalibin da ya ce "the knife I cut it with it" nan ne Hausarsa ta biyo shi, kuma wannan ne kuskuren da ya cancanci babi guda, amma littafin bai ko kalle shi ba.

Na biyu ya fi ba ni mamaki, domin mai tsauri a can ya zo nan ya sake. Ya ce ladabi ya wajabta a ce "between you and I" da "for my brother and I", wai "me" kalmar marasa tarbiyya ce. Ƙa'idar da shi kansa ya kawo shafi biyu kafin nan ita ke rushe shi: harafin jarra yana jan wakilin suna zuwa siffar karɓau, wato "me", "him", "her", "us", "them". Gwajin ba wuya. Cire ɗan'uwan daga jimlar, ka ga ko bakinka zai yarda ya ce "for I". Mun san irin wannan a gida: muna cewa "ga Audu" amma "gare shi", "na gaya wa Audu" amma "na gaya masa". Ƙara mutum na biyu ba ya sauya hukuncin. Abin da ke faruwa shi ne an daɗe ana dukan yara kan "Me and Musa went", har tsoron "me" ya shige su, suka riƙa gudunsa ko a inda gidansa yake. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Adalci ya sa in faɗi abin da zai iya kare kansa da shi, ko da bai kawo ba. Siffar "between you and I" tsohuwa ce, tana cikin wasiƙar Antonio a wasan Shakespeare na attajirin Banis, kuma babban nahawun Kambirij na Huddleston da Pullum, na 2002, bai yarda a kira ta kuskure kai tsaye ba, saboda yawan masu ilimin da ke faɗinta. Amma a ce ana jin abu daban, a ce shi ne wajibi kuma kishiyarsa rashin ladabi daban. Mai duba takardar jarrabawa "me" yake nema.

Na uku, ya zana jadawali: "in" shi ne cikin, "on" shi ne kan, "at" shi ne a, wai wanda ya haddace ya gama. Da haka ne, da wanda yake "on the bus" a saman rufin mota yake tare da buhunan albasa. Bature yana shiga "in the car" amma "on the train". Yana cewa "in the morning", "at night", "on Monday", mu kuwa da safe, da dare, ran Litinin. Muna cewa ta yi aure da wane, su "married to". Tsakanin "on time" da "in time" akwai tazarar wanda ya zo daidai lokaci da wanda ya zo kafin a rufe ƙofa. Su kansu ba su daidaita ba: ɗan Ingila "at the weekend", ɗan Amurka "on the weekend". Harafin yana tafiya ne da abokin zamansa, a haddace su tare kamar yadda yaro ke haddace "jin daɗi" da "cin mutunci" ba tare da ya tambayi wane ne ya ci ba.

Jadawalin kuma ya kasa bayyana abin da ya fi ba ɗalibai wahala. Me ya sa ake cewa "look at it" amma ba a cewa "turn off it"? Saboda "off" a nan ba harafin jarra ba ne, wutsiyar aikatau ce. Da suna, zaɓi biyu ne: "turn off the light" ko "turn the light off". Da wakilin suna kuwa tilas ya shiga tsakiya, "turn it off". Haka marubucin ya soki "a friend of mine" wai mallaka biyu ce a wuri ɗaya, almubazzaranci ne. Ya gwada "a picture of me" da "a picture of mine": na farko fuskata ce a jikin hoton, na biyu hoton nawa ne ko da na raƙumi ne.

Na huɗu ba ya buƙatar dogon zance. Ya ce idan an ƙwanƙwasa ƙofa aka tambaya wane ne, a amsa da "It is I". Wannan ma daga Latin aka kwaso. Bafaranshe "moi" yake cewa a irin wannan wuri, ba "je" ba, kuma ba wanda ya ce ya ɓata harshensa. Na ce wa ɗan ƙanena ya ce "It's me" a buɗe masa, ya ajiye ɗayar sai ranar da aka ba shi rawar sarki a wasan kwaikwayon makaranta.