Insulin na sallama, amma sukari ya ƙi sauka

Makon jiya wata hajiya daga Sabon Gari, nan Jalingo, ta zo karɓar maganinta na ciwon sukari, sai ta jefo mini tambaya: "'Yata, likita ya ce jikina yana yin insulin. To in yana yi, me ya hana sukarin sauka?" Akwai layi a bayanta, na amsa a gurguje. Ga cikakkiyar amsar.

Bayan mun ci abinci, wata gaɓa da ke bayan tumbi tana sakin insulin cikin jini domin sukari ya shiga ƙwayoyin halittar tsoka. Sai dai insulin baƙo ne mai ladabi, a zaure yake tsayawa ya yi sallama. A bangon kowace ƙwaya akwai furotin mai amsa sallamar, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. Da insulin ya taɓa kan, sai ƙafar ta farka.

Wannan ƙafar tana cikin dangin furotin da ake kira kinas. Aikinsu guda ne: su ɗauki ɗan guntun sinadarin fosfet su liƙa wa wani furotin. Wanda aka liƙa wa sai ya sauya siffa ya tashi aiki, shi ma ya tayar da na gaba. Haka saƙon ke tafiya kamar yaran aike, har ya isa ga wani kinas mai suna Akt. Shi ke sa a fito da ƙofofin sukari da ke ajiye a ciki, a kafa su a bango, sukari ya shige. In an gama, wasu furotin su ciccire fosfet ɗin, gida ya yi shiru. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan liƙawa da cirewa a Amurka cikin shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Irin waɗannan kinas sun haura 500 a jikin ɗan Adam.

A nau'i na biyu na ciwon sukari, wanda ya fi yawa ga manya, sallamar tana nan, yaran aiken ne suka yi nauyin ƙafa. Kitsen da ya taru a ciki da hanta da tsoka yana cikin abin da ke jawo haka. Jiki sai ya ƙara ɗaga murya, ya riƙa sakin insulin fiye da kima shekara da shekaru, har gaɓar ta gaji. A nan ne likita kan ƙara allura. Na sha ganin masu kuka don an rubuta musu ita, wai alamar ƙarshe ce. Ba haka ba ne.

Metformin da hajiyar ke sha ba ya ƙara insulin. Babban aikinsa rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, kuma cikin hanyoyin da yake bi akwai wani kinas, AMPK. Shi ya sa in awo ya yi kyau kuka ajiye maganin, hanta za ta koma gidan jiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsoka tana da ƙofar baya. Idan tana motsi, takan fito da ƙofofin sukarin nan ko da saƙon insulin bai iso ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tattakin minti goma sha biyar bayan tuwon dare, ko zagaya tsakar gida ne, yana cikin lissafi. Amma mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide ya fara tuntuɓar likitansa, kuma ya riƙe alawa ko dabino a aljihu, domin sukarinsa na iya faɗuwa, ya ji rawar jiki da gumi da jiri.