A Fara Da Tebur Kafin A Kai Ga Inji

Duk wanda ya ratsa ƙasar Funtuwa da Malumfashi a ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya soma haɗuwa a gabas, zai iske manoma suna ta kai da kawowa da kayan aikin da suka lalace. Wannan yana ɗauke da karkiyar shanu da ta tsage, wancan da ƙotar fartanya, wani kuma da katakon amalanke da gara ta cinye. Galibin gyaran nan bai wuce aikin sa'a guda ba, amma sai mutum ya kashe yini a bakin rumfar kafinta yana jira, alhali kuwa a gidansa akwai ɗan da aka koya wa darasin fasaha har shekara 3 a sakandare. To, me ya hana yaron nan yin gyaran? An koya masa sunayen kayan aiki a kan allo, amma bai taɓa tsayawa gaban teburin aiki ba.

Wannan ciwo ba na yau ba ne. A shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. Nufin shi ne kowane yaro ya ɗanɗana aikin katako, da na ƙarfe, da na lantarki a ƙaramar sakandare, don ya fito da abin yi a hannunsa. Aka yi odar injuna masu tsada daga ƙasashen Turai, aka rarraba wa makarantu. Amma da yawa daga cikinsu a akwatunansu suka yi tsatsa, saboda ba ɗakin aiki, ba wutar lantarki, ba kuma malamin da ya san kansu. An ɗauko gini daga sama, an manta da cewa da rarrafe yaro kan tashi.

Ai kuwa manoman yankin nan sun riga sun ba da darasi a kan haka. Garmar shanu, wadda aka shigo da ita tun zamanin Turawa, ta zauna daram daga Daudawa har Bakori da Ƙafur, domin maƙeri da masassaƙi na ƙauye suna iya gyaranta. Kayan aikin da mai shi zai iya gyarawa shi ne yake daɗewa. Teburin aiki kuwa shi ne mafarin kowane gyara, gama ba a yanka katako daidai a bisa gwiwa, ba a kuma goge shi sumul a ƙasa cikin rairayi.

Haɗa shi ba ya bukatar inji ko lantarki. Zarto, da guduma, da abin awo, da ƙusoshi sun isa. Tsawonsa ƙafa 5, faɗinsa ƙafa 2 ya wadatar a gida. Tsayinsa kuwa ya zo daidai wuyan hannun mai aiki idan ya miƙe tsaye ya saki hannunsa, wato wajen inci 34 ga matsakaicin mutum. In ya gaza haka baya ya yi ciwo, in ya zarce kafaɗa ta gaji. Ƙafafu 4 su kasance masu kauri, inci 3 ko 4 ta kowane gefe, a ɗaure su sama da ƙasa da katako mai inci 2 da 4. Sa'an nan a kafa wani a karkace ta baya, daga ƙasan wata ƙafa zuwa saman ɗaya, domin shi ne yake hana tebur rawa. A shimfiɗa katako 3 masu faɗin inci 8 da kaurin inci 2 a sama, a nutsar da kawunan ƙusoshi don kada su dakusar da kaifin kayan aiki. A ƙarshen teburin a kafa ɗan guntun katako wanda zai tokare abin da ake gogewa. Wanda bai sami kuɗin ƙarfen matsa katako ba, wannan ya ishe shi farawa.

Abu biyu ne suke kashe irin wannan tebur a ƙasar Hausa, wato ɗanyen katako da gara. Katakon da ake kawowa daga kudu yakan iso da ruwa a jikinsa, da zarar hunturu ya buga shi sai ya tsuke, ya karkace, mahaɗa ta saki. Saboda haka a jera shi a inuwa, a sa 'yan ƙirare a tsakani don iska ta ratsa, a bar shi makonni kafin a sa masa zarto. Ya fi kyau kuma a ɗaure ƙafafun da noti, domin ana iya ƙara matse shi in rani ya yi. Maganin gara kuwa shi ne a shafe ƙafafun da baƙin mai, a ɗora su bisa dutse ko daɓen siminti.

Wani zai ce katako ya yi tsada, dazuzzuka kuma suna ƙarewa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kayar da maɗaci ko ɗorawa saboda tebur. Tsohuwar ƙofa, da ragowar katakon rufi, da itacen dalbejiya da aka shuka da hannu duk suna yi. Wani kuma zai ce za a tsone wa kafintoci ido. Ba haka ba ne. Gado da kabad da rufin ɗaki suna nan a hannunsu, kuma wanda ya taɓa riƙe zarto shi ya fi sanin darajar aikinsu. Amma babban abin da yake hana ruwa gudu shi ne girman kai, wato ganin cewa mai takardar shaida ya fi ƙarfin guduma. Ma'aikacin da yake da wannan ra'ayi ya tuna albashi yana da ranar yankewa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Don haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina ta sa kowace ƙaramar sakandare ta haɗa teburin aiki da hannun ɗalibanta, a gayyato kafintan gari ya tsaya a kansu, a biya shi ladansa. Aikin farko a kan teburin ya zama gyaran karyayyun kujerun da aka jibge a bayan azuzuwa, yara kuwa suna zaune a ƙasa. Ma'aikaci kuma ya keɓe wani lungu a zaure ko ƙarƙashin rumfa, ya haɗa nasa tare da 'ya'yansa, maza da mata, a ranar Asabar guda. Inji zai zo a kan lokacinsa, ya iske hannun da ya san aiki. Allah ya sa masu iko da iyaye su duba.