Ina Magadan Duba-Gari?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Turawa sun auna, sun ƙi. To, waken da ya rage a kasuwanninmu, wanda muke ci garau-garau, wa ya auna shi?

A wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana hallaka 137,000. Mu ma a Kano mun shaida a 2021, lokacin da lalataccen garin lemo da ɗan-tsami suka kai ɗaruruwan mutane asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya.

Doka dai muna da ita, hukuma ma akwai, domin tun 1993 aka kafa NAFDAC. Amma takardar doka ba ta duba hantar sa a mayanka, ba ta gano gubar da danshi ke haifarwa a gyaɗa da masara, ba ta bambanta mangwaron da ya nuna a bishiya da wanda aka nunar da kabayid. Wannan aikin likitan dabbobi ne, da masanin kimiyyar abinci, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da duba-gari. Su ne suka yi mana ƙaranci.

Laifin kuwa har da namu. Muna tururuwa zuwa karatun lauya da na mulki, muna ganin shiga kwata da rumbun hatsi ƙasƙanci ne ga mai digiri. Alhali iyayenmu sun san zamanin da jin duba-gari ya shigo unguwa yakan sa kowa ya wanke randarsa.

Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu su faɗaɗa waɗannan fannoni, su kai ɗalibai Dawanau da mayanka su koyi aiki da hannunsu. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su ɗauki waɗanda suka gama, su ba su kayan awo da albashin da zai raba su da cin hanci, domin jami'i mai yunwa ba ya ƙwace ruɓaɓɓen nama. A kuma horar da mahauta da 'yan hatsi da masu tuwo-tuwo cikin harshen da suke ji.

Mu kuma, kafin mu zaɓi fanni ko wurin aiki, mu tuna rigakafi ya fi magani, kuma kwano ɗaya muke ci da talakawan da suka biya kuɗin karatunmu.