Baje Kolin Fasaha a Intanet: Hoto Ya Samu, Saura Bayani

A shekarar 2020 annobar korona ta garƙame ƙofofin gidajen tarihi da zaurukan baje kolin zane-zane a faɗin duniya. Rahoton da UNESCO ta fitar a watan Mayun shekarar ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na gidajen tarihi, wato sama da 85,000, sun rufe. Masu hali suka koma intanet. Kasuwar fasaha ta Art Basel da aka soke a Hong Kong ta buɗe ɗakunan kallo a intanet a watan Maris, Gidan Tarihin Birtaniya kuwa ya sabunta rumbunsa a Afrilu da hotuna kusan miliyan 1.9. Sai dai rahoton ya ƙara da cewa kashi 5 cikin ɗari kacal na gidajen tarihin Afirka da ƙananan ƙasashen tsibirai ne suka iya yin irin haka.

Wannan giɓi ya shafi nazarin Hausa kai tsaye. A lokacin kulle, ɗalibi a Kano ya fi samun sauƙin duba rigar Hausa da ke ajiye a Landan a kan kayan Gidan Makama da ke cikin garinsu. Akan ce gani ya kori ji, amma a nan ganin bai wadatar ba. Hoto ba ya nuna nauyin saƙi ko ƙamshin baba. Bayanin da ke ƙarƙashinsa da Ingilishi yake, kuma galibi ba ya ambaton wanda ya yi ɗinkin, balle ya fayyace bambancin aska biyu da aska takwas. Wanda ya rubuta bayani shi ke yanke yadda duniya za ta fahimci abin.

Akwai abin koyi a shirin Digital Benin da aka ƙaddamar a 2022. Ya tattara bayanan kayan masarautar Benin 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, tare da sunayensu na harshen Edo da tarihin baka. Bai maye gurbin dawo da kayan gida ba, amma ya mayar wa masu su bakin magana.

Ya kamata sassan nazarin Hausa su ɗauki irin wannan aiki: ɗaukar hotunan kayan da ke gida, da rubuta bayaninsu da Hausa daga bakin marina, maɗinka da magina tun suna raye. Idan aka yi jinkiri, hotunan za su wanzu, masu sanin sunayen kuwa za su shuɗe.